Had-disk ɗina ya ƙi buɗewa, Windows na cewa in yi fomat. Akwai sauran dabara?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza mini, hankalina a tashe yake. Kwamfutata ta kai wata biyu tana nauyi, in na buɗe folda sai ta tsaya kamar mai tunani, wani lokacin har minti guda. Na ɗauka tsufa ne kawai. Shekaranjiya ina cikin rubutu ta daskare, na danne maɓallin na kashe, da na kunna sai ta ƙi shiga Windows. Ƙanina ya ciro had-disk ɗin ya sa a ɗan akwatin nan mai wayar USB, muka jona a tasa kwamfutar. Ya fito, amma babu sunansa, kuma sai saƙo yake ta fitowa wai sai an yi fomat kafin a iya amfani da shi. Ban danna ba. A ciki akwai kundin digirina na biyu, babi huɗu, da hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da muryarta da na riƙa ɗauka a shekarar da ta rasu. Ba ni da kwafinsu ko'ina. Tera ɗaya ne, irin mai faifai da ke juyawa a ciki, ba SSD mara faifai ba. Shin sun tafi ke nan?

Sadiq_Bits:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. Kar ki yi fomat. Ki sauke Recuva, kyauta ce, ki sa ta yi sikanin mai zurfi. Ni ta dawo mini da hotunan da na goge a filash har da waɗanda na manta da su.

Injiniya_Ceto:
Malama, kafin ki karanta amsar kowa, in yana jone yanzu ki zare shi. Sannan ki dawo mu yi magana.

Malam Sadiq, ba laifin Recuva ba ne, amma ba ciwonta ba ne wannan. Aikinta nemo abin da aka goge a disk mai lafiya. Nauyin wata biyu da ta faɗa, da daskarewa in an buɗe folda, alamar disk ne da yake fama da karanta wasu wurare. Irin wannan yana da sauran 'yan sa'o'in aiki a jikinsa, babu wanda ya san ko nawa ne, kuma duk sikanin da aka yi daga cikinsu ake cirewa.

Ki ba ni amsar abu uku. Ya taɓa faɗuwa, ko kwamfutar ta bugu tana kunne? In kin jona, me kunnenki yake ji: juyawa sumul, ko ƙwas-ƙwas a jere, ko wani ɗan kuka siriri ba tare da juyawa ba? Sannan ban da jonawa, me kuka yi masa tun shekaranjiya?

Ummu_Haidar:
Na zare, Injiniya. Faɗuwa dai ban tuna ba, sai dai ina yawan ɗaukar ta daga tebur zuwa gado tana kunne. Yana juyawa, ina jin sa in na ɗora hannu. Can ba a rasa ba yakan yi ƙyas sau ɗaya, ba a jere ba. Ƙanina ya buga wani abu a baƙin allo, wai chkdsk, ya yi kusan awa ɗaya bai motsa daga wuri ɗaya ba, sai muka cire wayar.

Mai_Sukuddireba:
Kash. Wannan chkdsk ɗin ya sha jawo mini faɗa da masu kawo gyara. Mutane na ɗauka mai ceto ne, alhali shi damuwarsa tsarin disk ya daidaita, ba fayilolinki ba. In ya tarar da abin da bai gane ba sai ya yanke shi, ya tara guntayen a wata folda mai suna found.000 da sunaye marasa ma'ana. Kuma rubutu yake yi a kan disk ɗin da ake lallaɓawa. Abin da zai ɗan kwantar miki da hankali shi ne, in Windows yana ganin disk a matsayin RAW, wato bai gane tsarinsa ba, shi ya sa yake neman fomat, sau da yawa chkdsk ba ya samun damar yin wani abin kirki, ƙila a karatu kawai ya maƙale. Amma kar a maimaita.

BabbanYaya:
Ku daina tsorata baiwar Allah. Ki naɗe shi a leda ki sa a firiza ya kwana, da safe ki jona da sauri ki kwashe kayanki. Na yi da hannuna a shekarun baya kuma ya yi.

Injiniya_Ceto:
Yaya, ban ƙaryata ka ba, a disk na da can akwai waɗanda sanyi ya saki wani abu da ya cije musu. Amma a na yanzu garin neman gira za a rasa ido. Disk ba a rufe yake ruf ba, yawancinsu suna da ɗan ramin shan iska mai matata. Ka fito da shi daga sanyi zuwa ɗaki, raɓa za ta kwanta a kan faifan. Faifan nan yana juyawa sau 5400 a minti a yawancin na laftof, wasu 7200, kuma kan da ke karantawa yana shawagi ne a samansa da tazarar 'yan nanomita. Gashin kanka ya fi wannan tazarar kauri sau dubbai. To ka ce ɗigon raɓa ya shiga tsakaninsu.

Dattijo56:
Ni da na girma da garmaho na fahimci zancen. Faifai da allura ke nan. In allura ta lalace ka ci gaba da sa ta, faifan take kartawa, kuma waƙar da ta karce ba ta dawowa ko ka sayo sabuwar allura.

DanLinux:
Daidai Baba, sai bambanci ɗaya. Allurar garmaho aikinta ta taɓa faifai. Ta had-disk ranar da ta taɓa, ranar aka shiga uku. Bayanan suna cikin wani siririn shafe ne mai maganaɗisu a fuskar faifan, in ta kankare shi ya zama ƙura, ƙurar kuma ta bi iska ta je ta lalata sauran kawunan, don kowace fuskar faifai da nata kan mai karantawa.

Zee_Kamara:
Bari in ba ku nawa don wani ya tsira. Ina ɗaukar hoto, kuma aikin wata uku na mutane yana kan wani disk na waje. Ya zame daga cinyata yana kunne, faɗuwar ba ta kai kamu biyu ba. Na jona sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya yi shiru, ya sake. Na jona ya fi sau ashirin a daren, ina cewa ƙila wannan karon. Washegari na kalli bidiyo a intanet, na ga wani ya buɗe nasa ya tura kan da tsinke ya gyaru. Na samo sukuddireba mai bakin tauraro na kwance, har da kusar da ke ɓoye a ƙarƙashin takardar. Faifan kamar madubi, na ga fuskata a ciki, na kuma ga wani zobe siriri da aka zana a kansa. Ban san ma'anarsa ba a lokacin. Har hura masa iska na yi da baki don na ga ƙura ta sauka. Da na kai wa masu aikin, mutumin ya ɗaga murfin ya duba matatar ciki, wadda ya kamata ta zama fara ta koma toka-toka. Ya ce wannan tokar hotunanki ne. Bai karɓi aikin ba ma. Ni na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri.

Maman Haidar, naki bai kai nan ba. Kar ki bari ya kai.

Hajjo_M:
Wayyo Zee. Jikina har ya yi sanyi.

DanLinux:
To, ga abin da zan yi in nawa ne, tunda yana juyawa kuma ba ya ƙwas-ƙwas a jere. Ƙa'idar ita ce ba a neman fayil a kan disk mara lafiya. Ana kwafe shi ne gaba ɗaya, sekta bayan sekta, wato ƙananan gurabun da ake ajiye bayanai a cikinsu, zuwa disk mai lafiya, sannan a yi duk wani tone-tone a kan kwafin.

Manhajar da aka yi don wannan ita ce GNU ddrescue, ta Antonio Diaz Diaz, kyauta ce. Abin da ya bambanta ta da kwafi na yau da kullum: Windows in ya ci karo da wurin da ya lalace sai ya nace a wurin har komai ya daskare. Ita kuwa tsallakewa take yi, ta fara kwashe duk inda ke karantuwa da sauƙi, sai daga baya ta dawo wa masu taurin kai. Tana kuma rubuta taswira, wani ɗan fayil da ke riƙe da inda ta karanta da inda ta kasa, don haka ko wuta ta ɗauke daga inda ta tsaya za ta ci gaba.

Abin da za ki tanada: disk mai lafiya da ya fi tera ɗaya, a ce biyu, da filash da za a sa wa SystemRescue, wani Linux ne da ake tayar da kwamfuta da shi, ddrescue da TestDisk duk suna ciki. In da hali a jona mara lafiyar da wayar SATA kai tsaye a cikin kwamfutar tebur, don 'yan akwatunan USB suna yawan sumewa in sun haɗu da mugun sekta. A buga lsblk a tabbatar da wanne ne wanne. Sannan:

ddrescue -d -n /dev/sdb kwafi.img taswira.map

Wannan sdb misali ne, naki zai iya zama wani harafin. Wancan -n yana hana ta nacewa a wuraren da suka lalace a zagayen farko. Kuma don Allah a kula da jerin: wanda ake ceto shi ne farko, inda za a zuba shi ne na biyu. Na san wanda ya juya su lokacin da yake kwafi daga disk zuwa disk, ya shafe kayansa da disk ɗin da babu komai a ciki.

Injiniya_Ceto:
Bayanin DanLinux babu gyara, ita ce hanya mafi aminci ga mai yi a gida. Amma sai na faɗi gaskiyar da ba a so. Kwafe tera ɗaya a disk mai lafiya ma sa'o'i ne, a mara lafiya zai iya cin kwanaki. In ɗaya daga kawunan ne yake mutuwa, waɗannan kwanakin za su iya ƙarasa shi. Mu a wurin aiki muna da na'ura irin PC-3000 da ke magana da disk kai tsaye, za mu iya kashe kan da ke ciwo mu kwashe na sauran, mu kuma nufi foldar da ake so kawai maimakon tera guda. Saboda haka tambayar ita ce, abin da ke ciki in ya tafi za a iya sake samun sa? Kundin digiri ana sake rubutawa ko da kuka. Muryar mahaifiya fa?

Shakku:
Ai dama na san nan za a zo. Duk zaren da aka buɗe kan disk, sai mai sana'ar ya fito ya ce kar ka taɓa, kawo mana. Kuɗin da suke caji sau da yawa ya fi na sabuwar kwamfuta. Kuma kuna zuzuta raunin abin. Kumbon Columbia da ya tarwatse a 2003, an tsinci had-disk ɗinsa a ƙasa a ƙone, kuma kamfanin Kroll Ontrack ya ciro kusan duk bayanan gwajin kimiyyar da ke ciki. Wanda ya faɗo daga sararin samaniya bai mutu ba, sai na tebur?

Injiniya_Ceto:
Malam Shakku, labarin gaskiya ne, amma ni yake goya wa baya. Wancan disk ɗin babu wanda ya jona shi sau ashirin yana cewa ƙila wannan karon. Ƙwararru ne suka ciro faifan suka wanke suka sa a wani jikin, kuma wurin da bayanan suke bai karce ba. Maganar kuɗi kuwa ba zan musa ba, da tsada. Sai an sayo disk iri ɗaya sak an cire kawunansa, wani lokacin biyu ko uku kafin a dace, ga wurin aiki mai tace ƙura. Ban kuma ce ta kawo mini ba, ban ma san inda take ba.

Mai_Sukuddireba:
Ni mai gyara ne amma ina tare da Shakku a rabi. Ba duk disk da ya ƙi tashi ne yake buƙatar tiyata ba. Na sha ganin wanda wayar ce kawai ta lalace, ko ɗan akwatin. Na sha ganin babban disk na inci 3.5 da aka jona da adaftar da babu wutar bolt 12, alhali shi sai da 12 da 5, ƙaramin na laftof ne ke wadatuwa da 5 kaɗai. Shiru zai yi kamar matacce. Akwai kuma wanda aka sa wa cajar da ba tasa ba, wani ɗan diyod mai kare allon wutar ya ƙone ya hana shi tashi, sauran komai lafiya.

Inda nake gargaɗi shi ne masu cewa a sayo allon wuta iri ɗaya a musanya. A disk na yanzu ba ya yi haka kawai. Akwai bayanan saiti da masana'anta ta auna wa kowane disk shi kaɗai, galibi a wani ɗan cif mai ƙafa takwas, sai an ciro shi an dasa a sabon allon. In ya ɓace ko ya ƙone wurin cirewa, aiki ya ƙara nisa.

Hajjo_M:
Ni wani abu ne ke damuna da ba wanda ya taɓo. In ka kai disk wurin ceto, ai duk sirrinka ka miƙa. Hotunan gida, takardun banki, komai. Ta yaya mutum zai yarda?

Injiniya_Ceto:
Hajiya, tambaya ce mai kyau kuma babu amsar da za ta cire shakka gaba ɗaya. Dole mai aikin ya buɗe wasu fayiloli don ya tabbatar ba fanko ya ciro ba. Abin da za ki iya shi ne ki nemi yarjejeniya a rubuce, ki tambayi kwana nawa suke ajiye kwafin kafin su goge, ki kuma tambaya ko a wurinsu ake aikin ko turawa suke yi wani wuri. Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyin, ki ɗauki kayanki.

Dalibin_Lissafi:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni SSD ne, lafiyarsa lau, jiya na goge folda har daga kwandon shara. Recuva ta nuno sunayen amma in na dawo da su ba sa buɗewa. Me ya sa?

DanLinux:
Ɗan'uwa, labarin ba daɗi. A disk mai juyawa, gogewa cire suna ne kawai daga rajista, kayan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. A SSD akwai umarnin da ake kira TRIM: da ka goge, Windows zai gaya wa SSD ɗin cewa wurin nan ba a buƙatarsa, daga nan in an tambaye shi sifili yake bayarwa, can kuma ya share da kansa. Shi ya sa kake ganin suna da girma amma ciki fanko. Ka duba OneDrive ko Google Drive ko imel, ko ka taɓa tura wa wani.

Sadiq_Bits:
Amma na ji an ce hukumomin leƙen asiri suna iya karanta abin da aka rubuta wani a kansa har sau bakwai.

DanLinux:
Wannan zancen ya samo asali ne daga wata takarda da Peter Gutmann ya fitar a 1996, inda ya kawo tsarin shafewa sau 35. Fasahar disk ta wancan zamanin yake magana a kai. A na yanzu bayanan sun matsu ƙwarai, shafewa ɗaya ta isa. Shi ya sa ma fomat iri biyu ne: mai sauri rajista kawai yake sabuntawa, ana iya ceto da yawa bayansa, amma cikakken, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa ko'ina.

Zee_Kamara:
Tunda an zo nan, kowa ya duba ko disk ɗinsa na da BitLocker, makullin Windows da ke ɓoye bayanan disk. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne mai ita bai sani ba. In ta mutu ka ciro disk ɗin, sai an ba shi mabuɗi mai lambobi 48, ko ƙwararre bai isa ya tsallake ba. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Ni na buga nawa a takarda.

Mai_Gida:
Jama'a a dawo kan matsalar mai zaren. Dalibin_Lissafi, buɗe naka daban in akwai ƙari. Ummu_Haidar, ina aka kwana?

Ummu_Haidar:
Ku gafarce ni da shirun kwana uku. Na yi ta juya maganar Injiniya a raina, amma gaskiya kuɗin ƙwararru ba ni da shi yanzu, kuma an sa mini ranar miƙa kundi. Sai muka bi hanyar DanLinux. Mun aro kwamfutar tebur, ƙanina ya jona da SATA. Kafin mu fara ya duba lafiyar disk ɗin da smartctl kamar yadda aka nuna masa, layi mai lamba 5 da mai lamba 197 duk ba sifili ba ne, na 197 ya haura dubu.

Muka sa ddrescue. Abin da na lura, sai ya yi gudu sosai na ɗan lokaci, sai ya rage kamar zai tsaya, ya yi ƙyas, ya tsallake, ya sake gudu. Haka yake ta yi kamar mai ɗingishi, kusan a tsare. Na kwana a gabansa da fanka a kansa. Zagayen farko ya ƙare yau da asuba, ya ce ya samu kashi 74 da ɗigo cikin 100. Na kashe na zo in tambaya kafin in yi wani abu.

Injiniya_Ceto:
Kin kyauta da kika kashe. Lamba 5 sektocin da disk ya riga ya sauya wa wuri ne, 197 kuma waɗanda ya kasa karantawa yana jira. Amma ɗingishin nan da kika kwatanta ya fi su ba ni labari. Disk yana rubutu ne yana karɓa-karɓa tsakanin fuskokin faifansa, ɗan yanki a wannan fuska, ɗan yanki a waccan. In yana gudu yana tsayawa a tsare, kuma abin da aka samu ya tsaya kusa da kashi uku cikin huɗu, zato mafi ƙarfi shi ne kawuna huɗu gare shi, ɗaya ya gaza. Ƙanana irin takardu da hotuna, wanda ya faɗa a fuskoki masu lafiya zai fito cif, wanda ya faɗa a ɗayar babu shi. Manya irin bidiyo kuwa za su fito da ramuka.

Shawarata kar ki sake kunna shi. Abin da ke kan fuskar nan mai yiwuwa yana nan lafiya, mai karanta shi ne ya mutu. In aka ci gaba da jan mataccen kai a kanta, shi ne za a samu zoben da Zee ta gani.

DanLinux:
Kafin a yanke hukunci, a duba abin da ke hannu. Ki yi wa kwafi.img kwafi na biyu in akwai wuri, ki yi aiki a kan na biyun. Ki fara da TestDisk, ta Christophe Grenier. NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, yana ajiye kwafin sektan farko a ƙarshen ɓangaren disk ɗin da yake kai, sau da yawa da shi ake gane tsarin, sai ta nuno miki foldoji da sunayensu ki kwafa zuwa wani wuri. In rajistar ta lalace sosai sai a koma PhotoRec, 'yar'uwarta. Ita ba ta kula da rajista, hatimin farkon fayil take bi, misali duk hoton JPEG da FF D8 FF yake farawa. Aibinta ba ta dawo da suna ko folda, za ki samu dubban fayiloli masu suna f da lambobi a cikin recup_dir. Tsince tsakuwa a shinkafa ke nan, amma ya fi babu.

BabbanYaya:
Ni dai har yanzu ina ganin da an gwada firizar nan da tuni an wuce wurin.

Mai_Sukuddireba:
Yaya, don girman Allah ka bar firizar nan ta huta.

Ummu_Haidar:
Alhamdulillah, TestDisk ta nuno foldojin da sunayensu, wasu dai babu. Babi na ɗaya, na biyu da na huɗu sun buɗe lafiya. Na uku Word ya ce ya lalace, amma na tuna na taɓa tura wa malamina tsohon kwafinsa ta imel, aikin mako biyu ne zan sake. Hotuna da yawa sun fito, wasu rabi hoto rabi toka.

Muryoyin guda goma sha ɗaya ne. Bakwai suna yi daga farko har ƙarshe. Uku ba sa buɗewa sam. Ɗaya kuma, mafi tsawo, wanda take ba ni labarin ƙuruciyarta, yana yi har minti goma sha tara, tana tsakiyar dariya sai ya yanke. Na saurare shi ya fi sau goma tun jiya.

Yanzu ga inda na tsaya. Ƙanina na cewa mu cire -n ɗin mu bar shi ya nace, ƙila ya ƙwaƙulo sauran. Zuciyata na son haka, tsoro kuma na hana ni.

Shakku:
In ni ne zan bar shi ya nace. Kin riga kin ce ba ki da kuɗin ƙwararru, to ajiyar me za a yi? Kan da ake cewa ya mutu ƙila rauni ne kawai, yana karantawa a hankali.

DanLinux:
Shakku na da hujja ta wani gefen, akwai kawunan da ke karantawa da ƙyar, kuma taswirar za ta nuna. Ki buɗe taswira.map da ddrescueview. In a cikin wuraren da suka kasa karantuwa akwai ɗigo-ɗigon kore, alamar abin da ya karantu, kan yana ɗan gani. In babu ko ɗigon kore, nacewa ba za ta ƙara komai ba sai ɓarna. Amma ko da akwai koren, ba zan ce miki babu haɗari ba.

Injiniya_Ceto:
Ni ban canza ba. Disk da ke kashe a cikin aljihun tebur, a jakar da ke hana tartsatsin lantarki, nesa da danshi, ba ya ƙara lalacewa a wata shida ko shekara. Kuɗi na iya samuwa nan gaba. Faifan da ya karce ba shi da nan gaba. Kuma aikinki zai fi sauƙi yanzu, tunda fayil huɗu kawai ake nema kuma an san inda suke.

Dattijo56:
'Yata, ni ban san komai a wannan ilimin ba. Amma bakwai ɗin da suka fito, a wuri nawa suke yanzu?

Ummu_Haidar:
Baba, wallahi a wuri ɗaya. Kunya ta kama ni. Yanzu na tashi na sa su a filash, na tura wa yayata, ina kuma ɗora su a intanet. Disk ɗin yana cikin aljihun tebur, na rubuta KAR A KUNNA a takarda na manna masa saboda ƙanina. Taswirar zan duba gobe in na yi barci, idona ba ya gani sosai yanzu.

DanLinux:
Ki haɗa da taswira.map a cikin abin da kike ɗorawa, ƙaramin fayil ne. In kin buɗe ta goben ki ɗauko mana hoton allon mu gani.